Sunan da Fihirisa Ta Ƙi Fitarwa

SHAFI NA 23

Masu cika min akwatin saƙo tun asuba da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, sai ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika ce in Ashiru bai yi aure a wannan shafin ba kin daina karantawa, 'yar'uwa ki yi haƙuri, yau ma babu ɗaurin aure. Sababbin shigowa ku samu wuri ku zauna, ba za ku ɓata ba.

*

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis, ofishin ya riga ya zama kango. An kwashe kujeru, an sauke taswirar Adar daga bango, har labulen taga wani mai saurin hannu ya yi gaba da shi. Abin da ya rage a ɗakin Ashiru tebur ne guda, da kujerar roba, da kwamfutar da ya shekara uku yana zaune a gabanta.

Tun da siyasar Yamai ta sake rikicewa a wannan shekara ta 1999, masu ba da tallafi suka naɗe tabarmarsu, aikin adana tsofaffin rajistocin sansanonin fari ya zo ƙarshe. Takarda ta iso Tawa da umarni: a mayar da na'ura yadda ta zo, ba a son a tarar da komai a cikinta sai abin da aka kawo ta da shi. Motar Rissa direba tana bakin ƙofa an cika ta da kaya, da an sallame Azahar za ta kama hanya.

Aiki biyu ya rage wa Ashiru. Ya cire shirin nema, sannan ya goge takardun da ya buga da yatsunsa, waɗanda ya riga ya juye a disket aka rufe a kwali.

Shirin nema shi ne ran na'urar. Shi ya bi takardu dubu goma sha ɗaya kalma bayan kalma ya haɗa musu fihirisa, ta yadda in dattijo ya zo daga Takanamat yana cigiyar ƙanensa da suka rabu a yunwar saba'in da huɗu, sai Ashiru ya buga sunan, kafin dattijon ya gyara zama shafin ya fito. Baturen da ya kawo na'urar bai tsaya ya girka shi ba, zazzaɓi ya kore shi gida. Disket uku ya bari da takarda guda mai rubutun tsutsa. Kwana uku Ashiru ya yi yana fama shi kaɗai kafin abin ya zauna.

A cikin na'urar akwai wani shiri da ke kula da shiga da fitar sauran shirye-shirye. Ashiru ɗan kamasho yake ce masa, don shi ya san wanda ya hau da wanda ya sauka, ya kuma san wanda ba ya tafiya sai da abokinsa. Shi zai ba umarnin cirewa.

Amma kafin nan sai da ya yi abin da ya saba.

Ya waiga ƙofa, babu kowa. Ya buga *Achirou*. Ya buga *Assirou*. Ya buga *Hachirou*, ya buga *Achir*, duk yadda wani akawu mai Faransanci zai iya murɗe sunan a cikin gaggawa. Ashiru goma sha tara ne a rajistocin nan, ya san su kamar 'yan ɗakinsu. Akwai tsoho, akwai jinjirin da bai kwana bakwai ba, akwai mai raƙuma daga arewa. Babu yaro ɗan shekara biyar da wani ya zo cigiyarsa.

"To, shi ke nan," ya ce da na'urar a hankali. "Mun yi iyakacinmu, ni da ke."

Kada ku yi masa dariya. Mutumin da ba shi da wanda zai ce wa "na dawo" in ya koma ɗaki, da tebur ma yana iya hira.

Kalmar cirewa iri biyu ce a wurin ɗan kamasho. Ɗaya tana fitar da shirin amma ta bar masa kayansa a ɗaki. Ɗayar tana share shi har sawunsa, har da fihirisar da ya haɗa. Ta biyun aka ce ya yi. Ya buga harafinta na farko, ya tsaya yana kallonsa, ya goge. Ya buga ta farkon.

Na'ura ta ce za a cire shirin nema tare da abokin tafiyarsa guda, ya yarda?

Ya danna e.

Rubutu ya gilma layi huɗu ya tsaya. Abin da ya ci masa kwana uku wajen girkawa ko minti ɗaya bai yi ba wajen fita. Ashiru ya zauna da hannuwa a kan cinya, wani irin kaɗaici ya rufe shi wanda rabonsa da jin irinsa tun ranar da aka kai Baba Haruna, wanda ya rene shi, makwancinsa.

Ƙarar takalmi ce ta dawo da shi.

Madam Shamsiya ce, shugabar ofishin. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, tabarau a kan hanci, ba a taɓa ganin haƙorinta kafin tsakar rana ba. Yau kuwa ko bayan tsakar ranar ma ba alama. Takarda ce a hannunta.

"Ashiru."

Ya miƙe. "Na'am, Madam."

"Ka cire shi?"

"Na cire. Saura takardu."

"Dakata da takardu. Wanga mi na?"

Ta shimfiɗa takardar a kan tebur ta danne da yatsa. Jerin sunaye ne da ta ce ya fitar mata jiya don rahoton ƙarshe, sunayen da aka fi nema a shekara uku. Na'ura ce ta haɗa, shi dai ya zare daga injin bugawa ya kai mata ko dubawa bai yi ba.

"Mahamadu, sau ɗari biyu da wani abu. Hwatima, ɗari da tamanin. Wanga na gane, rabin Adar sunansu ke nan. Amma Ashiru sau dubu ɗaya da ɗari huɗu da shida? Ashiru nawa Allah yay yi cikin ƙasag ga?"

Ya sunkuyar da kai.

"Magana nike maka. Ƙara yawan aiki kay yi don a ce burommu, ofishin ga, na da amfani? In mutanen Yamai sunka ga wanga, cewa za su yi rahoton duka ƙarya na. Sunana za ya ɓaci, ba naka ba."

"Ban ƙara komi ba, Madam."

"To wa ab biɗan Ashiru sau dubu?"

"Ni na."

"Kai? Wane Ashiru kake biɗa?"

Shekara uku yana ɓoye maganar nan, yanzu da komai ya ƙare sai ya ga ɓoyon ma ba shi da sauran amfani.

"Kaina nike biɗa, Madam."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ban son wasa yau."

"Ba wasa ba na. Ba lokacin aiki nike yi ba, sai an tashi midi, sha biyun rana, kowa ya tahi gida cin abinci. Ni ba ni da inda za ni, sai in rufe ƙohwa in buga."

"Kai ba ɗan Malam Haruna tela ba na? Ashiru Haruna, haka ag ga takardunka."

"Shi yar riƙe ni. Tsinta ta yay yi."

Madam Shamsiya ta ɗauke yatsanta daga kan takardar.

Ya ba ta labarin a taƙaice, ido a ƙasa. Shekarar saba'in da huɗu, a sansanin da aka kafa bayan gari, Malam Haruna ya kai wa wani ɗan'uwansa tsummokara ya tarar da yaro yana kuka kusa da motar ruwa. Aka yi cigiya kwana da kwanaki ba wanda ya ce nasa ne. Malam Haruna ba shi da mata a lokacin, ya kai shi shago ya kwantar a kan ƙyallaye, ya rene shi, ya sa shi makaranta. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Da dangi suka zo rabon gida ba wanda ya yi wa Ashiru rashin mutunci, kawai dai kowa ya riƙa yi masa magana da ladabi irin wanda ake yi wa maƙwabci. Ya gane, ya ɗauki tabarmarsa ya kama ɗakin haya.

"Shekara ukku muna buro guda," Madam ta ce, muryarta ta sauka, "ba ka taɓa hwaɗa mani ba?"

"Ba ki tambaya ba, Madam. Ba wanda yat tambaya."

Maganar ta same ta, domin ta sha wuce shi da rana yana cin kopto, kwaɗon zogale, a leda shi kaɗai, ta ce a ranta yaron nan akwai son aiki.

"Akwai rajistan yaran da anka biɗa," ya ci gaba. "Suna ɗari shida da sittin da biyu. Duk uwad da ɗanta yaɓ ɓace ta je wurin akawu ta ba da suna. Ni na buga su da hannuna. Sunana ba shi ciki." Ya dubi na'urar. "Ba gida nike so ba, Madam, ba gado ba. So nike in sani ko wani ya biɗe ni. Ko sau guda. Yanzu na sani."

"Mi kas sani?"

"Ba wanda yab biɗe ni. Baki guda ya ragu, sunka yi gaba."

Madam Shamsiya ta ja kujerar robar ta zauna, abin da ba ta taɓa yi a ɗakin nan ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kana da wa? Ko ya?"

"Ban tuna ba."

"Mi kat tuna?"

"Jinjiri bisa bayanta. Da zane baƙi. Huskatta ma ta ɓace mani."

"Jinjiri bisa baya, kai a ƙasa, ba wani babba gabanka." Ta girgiza kai. "Ashiru, kai ɗan hwari na."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila. Ɗana na hwari shekara talatin da ɗaya gare shi, shina aiki Maraɗi. Kullum ina zancenshi cikin buron ga. Mi as sunanshi?"

Ashiru ya shiga tunani. "Wancan na Maraɗi" take cewa. Wani lokaci "babban mutum". Ya lalubi shekara uku a kansa bai samo suna ba.

"Ba ka sani ba, don ban taɓa hwaɗi ba. Ranad da nik kai shi makarantar lakkwal, ni da niy yi boko har Yamai, rubuta ma mushe, malaminsu, sunan niy yi bisa takarda. Bakina bai iya ba. To balle macen ƙauye, gaban namijin da ba ta sani ba, mutane cike da rumhwa? Ko wuƙa anka aza mata ba ta hwaɗin sunan ɗanta na hwari."

Ni dai a nan haushin Ashiru nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Ya san alkunya mana, wane Bahaushe ne bai san ta ba? Amma a shagon tela ya girma, ba uwa a gida, sannan ya shekara uku yana tunani irin na na'ura: a ba ni suna in ba da shafi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa sunan da yake ta bugawa shi ne kaɗai sunan da uwarsa ba za ta iya furtawa ba.

"To mi za ta ce ma akawu?" ya tambaya.

"Sunan da take kiranka da shi cikin gida. Mi take ce maka?"

"Ban tuna ba."

"Yi ƙoƙari."

"Wallahi Madam ban tuna ba. Baba Haruna ma ya ce da wuya sunka samu suna bakina. Kowa yat tambaye ni sai in ce, ni baƙo na. Su ce yaro, duk nan baƙi muke, sunanka muke tambaya. In sake cewa ni baƙo na. Sai da anka kwana biyu nic ce babana shina ce mani Ashiru."

Madam ta cire tabarau a hankali.

"Sake hwaɗi."

"Ni baƙo na."

"Inna lillahi." Ta dafa tebur. "Yaro, ba ce musu kay yi kai baƙo na ba. Amsa kab ba su. Baƙo! Haka ake ce ma yaron da anka haihwa da baƙi cikin gida. Sunanka kake ta hwaɗa musu, ba wanda yaj ji."

Ashiru ya jingina da bango. Shekara ashirin da biyar yana ba da labarin nan ga kansa a matsayin labarin yaron da ya san ba shi da kowa.

Ya juya ga na'urar. Sai ya tuna.

"Na cire shi, Madam."

"Mayas da shi."

"Disket ɗin na cikin kwali, kwalin na cikin mota."

Ba ta tsaya amsa masa ba. Ta fita bakin ƙofa ta ɗaga murya. "Rissa! Sauko mani da kwali mai jan rubutu."

Rissa yana zaune a inuwar mota yana haɗa shayi. Buzu ne dogo, ya shekara ashirin a kan hanyar Yamai, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a kwance masa igiyar da ya riga ya ɗaure.

"Madam, kwalin ga na ƙarƙashin tebur huɗu."

"Sauke tebur huɗun."

"Ni dai na hwaɗi, in anka sallame Azahar, da ku ko ba ku."

"Na ji. Hau."

Ya hau yana gunaguni da Tamashek, wanda kowa ya san ba addu'a yake musu ba. Sai kusan sha biyu da rabi kwalin ya sauko. Ashiru ya yage bakinsa da hannu, ya tono disket ukun nan daga ƙasa, ya koma ciki da gudu.

Ya zura na farko. Ya ba ɗan kamasho umarnin girkawa. Na'ura ta yi gurnani, ta tsaya, ta ce ba za ta iya ba, shirin nema ba ya zama sai da abokin tafiyarsa, shi kuwa an sauke shi.

"Mi tac ce?" in ji Madam.

"Ta ce sai na mayas da abokinshi tukuna."

"To mayas. Har inji ya san ba a zama ba kowa."

Ya zura na biyu. Gurnani, shiru, gurnani. Ta ce ta kasa karantawa. Ya zare disket ɗin, ya hura, ya goga a rigarsa, ya yi bisimilla ya mayar. Wannan karon ta karɓa. Ya koma na farko, sannan na uku. Layuka suka riƙa gangarowa a hankali kamar da gangan suke yi.

Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

Na'ura ta yi tambaya: an tarar da tsohuwar fihirisa, a yi amfani da ita?

Madam ta mayar da tabarau ta karanta da kanta. "Ashe ba ka share duka ba."

"Hannuna ya ƙi, Madam."

"Da ka share hwa?"

"Sai ta yini ta kwana tana haɗa wata."

"To yau ɗai na gode ma rashin jin maganakka. Buga."

Na'urar ba ta san ƙa mai lanƙwasa ba, akawunan da suka rubuta rajistar ma ba su san ta ba. Ya buga haruffa huɗu: *Bako*.

Hamsin da takwas.

Ya taƙaita: shekarar saba'in da huɗu, rajistar yaran da ake cigiya.

Huɗu.

Na farko shekararsa goma sha biyu. Na biyu an same shi kashegari. Na uku ko yaye shi ba a yi ba. Yatsansa ya tsaya a kan maɓalli ya ƙi motsi.

"In danna maka?" Madam ta ce.

Ya girgiza kai. Ya danna.

Da Faransanci aka rubuta, ga abin da ya ce: *Bako, namiji, kimanin shekara biyar. Tabon ƙuna a bayan ƙafar hagu, daga idon sawu zuwa ƙaramin yatsa. Uwa: Zaliha, daga Barmu. Ta ƙi ba da sunan yanka.* A ƙasa akawun ya jera ranaku, kowace da kalma ɗaya a gabanta. *Ta dawo. Ta dawo. Ta dawo.* Sau goma sha ɗaya.

Ashiru ya durƙusa ya zare takalminsa na hagu. Bai buƙaci dubawa ba, kullum yana wanke wurin sau biyar. Madam ce ta duba, ta kai hannu ta rufe bakinta.

Rissa ya leƙo don ya ce musu an yi kira. Ya ga ƙafar, ya ga allon na'urar, ya ga fuskar Madam. Bai iya karatu ba amma bai tambayi kowa ba. Ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya tsaya a bakin ƙofa bai ƙara maganar tafiya ba.

"Ta biɗe ni," Ashiru ya ce. Hawaye suka zubo bai share ba. "Sau goma sha ɗaya, Madam. Ni na buga shafin ga da hannuna, na wuce ban sani ba. Ta biɗe ni."

"Ta biɗe ka, Baƙo."

Da ya ji sunan a bakin mace sai kukan ya ƙwace masa gaba ɗaya, irin kukan da babba yake yi ba sauti sai girgizar kafaɗa. Madam ta bar shi ya yi mai isarsa. Farin ciki ne, ba na musu, amma farin ciki mai ciwo.

"Tashi," ta ce daga baya. "Aiki bai ƙare ba. Buga sunanta, mu ga ko ta hita da rai."

Ya tashi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya buga *Zaliha*, ya haɗa da *Barmou*.

Uku.

Na farko shi ne wanda suka karanta. Na biyu rajistar rabon hatsi ce ta shekarar tamanin da biyar: *Zaliha, Barmu, mijinta ya rasu, 'ya ɗaya.*

"Alhamdu lillahi," in ji Madam. "Ta tsira, jinjirin ma ta tsira. Kana da ƙanwa. Buɗe na ukku."

Na ukun ba daga tsohuwar rajista ya fito ba. Daga littafin baƙi ne na wannan ofishin, inda ake rubuta duk wanda ya zo cigiya, wanda Ashiru yake juyewa a na'ura kowace Juma'a. Kwanan watan bai kai shekara biyu ba.

Madam ta matso tana karantawa a fili. "Litinin, sha bakwai ga Nuwamba, 1997. Zaliha, tsohuwa, daga Barmu. Tana biɗan…" Ta tsaya. Kalmar Faransanci ce a wurin, *un étranger*, wato wani baƙo. "Ta ƙi ba da suna. Ba a yi bincike ba."



Ashiru bai motsa ba, amma ranar ta dawo masa ɗungurungum. Kashegarin kasuwar Tawa ce, sha biyu ta wuce, kowa ya tafi gida. Yana shirin rufe ƙofa wata 'yar tsohuwa ta iso da ƙullin kaya a ka, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Ta ce an gaya mata a kasuwa akwai injin da ke gano mutanen da suka ɓace. Ya ce wa take nema? Ta ce Baƙo take biɗa. Ya ce wane baƙo, mene ne sunansa? Ta sunkuyar da kai, ta yi 'yar dariyar kunya tana murza bakin zanenta. Ya sake tambaya, ta sake cewa Baƙo. Ya ce a ransa tsufa ya taɓa ta. Ya ce mata injin ba ya aiki sai da suna. Ta zauna a kan dakali ta daɗe, shi kuwa Allah-Allah yake ta tafi. Da ta tashi ya ji daɗi, ya rufe ƙofa, ya zauna ya buga *Achirou*.

"Har nan taz zo," Madam ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Har ƙohwag ga. Wa yak karɓe ta rannan?"

Ta juyo ta dubi Ashiru.

"Ashiru, wa yar rubuta wanga?"

Idonsa na kan haruffa biyun da ke ƙarshen layin, inda mai karɓar baƙo yake sa alamarsa.

"Ni na, Madam."

Rissa ya ɗago kai daga bakin ƙofa.

"Ta ce mani, 'Taimake ni, ɗana.' Nic ce mata an tashi midi."